Sa Hannun Bakanike

Takardar da aka ba Auta a asibiti ba wata babba ba ce. Layi biyu ne a ƙasanta, ɗaya na mai ciki, ɗaya na mijinta. Auta ta cike nata tun tana zaune a gaban likita. Saura na mijin, Bakanike.

Likitar mace ce marar yawan magana, amma ranar sai da ta ja kujera ta matso. Ta juya bayan katin awo, ta zana wani abu kamar tulu a kife.

"Wannan ce mahaifarki. Nan ne ƙofa, inda yaro zai fito. Kin san mabiyiya, wadda ke biyo bayan yaro in an haihu? To taki ba ta tsaya a sama inda aka saba ba. Ta sauko ta zauna daram a bakin ƙofar, ta rufe ta ruf. In naƙuda ta taso, ita za ta fara yagewa tun yaro bai motsa ba, jini kuma zai ɓalle irin wanda ba a tare shi da tsumma."

"Amma likita, biyu na haifa da kaina, ko allura ba a yi mini ba."

"Na gani a katinki. Waɗancan hanya a buɗe take, wannan kuwa babu hanya. Aiki za a yi miki a ciro shi tun kafin naƙuda ta zo. Na rubuta miki rana, Talata, sati uku daga yau. Kafin nan ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da kwanciyar aure. Kuma kar ki yarda kowa ya sa miki hannu wai zai duba, ko wace ce. Kika ga ɗigon jini, ko babu ciwo, ki taho. Ki ce wa maigidan ya sa hannu a nan, ya kuma samo mutum biyu su ba da jini a ajiye miki."

Auta ta kasa haƙuri har yamma. Ta sa mai tasi ya sauke ta a gareji, wurin da ba ta fi sau uku da takawa ba tun da aka yi aurensu. Fili ne da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi, ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta yi sulɓi. Ta tarar da mijinta tsaye kan wani direban bas yana zazzaga masa faɗa, makullin bas ɗin a hannunsa.

"Ba zan ba ka ba. Birkin nan ya cinye ƙurmus. Ka ɗebi mutum goma sha takwas ka hau titi da shi? In kai ka gaji da duniya, su ba su gaji ba."

"Haba maigida, lodi ɗaya zan yi in dawo. Shekara guda fa ina yawo da shi a haka, Allah na kiyayewa."

"Allah ya kiyaye jiya, yau kuma ya haɗa ka da ni. Abin da aka gano tun da wuri, ba a jira sai ya kashe mutum. Ajiye ta nan."

Haka Bakanike yake, da haka kuma ya yi suna. Direbobi na zaginsa da safe, su dawo wurinsa da yamma, don sun san motar da ta fita daga hannunsa ba ta yin ƙarya a hanya. Auta ta ji sanyi a ranta. Ta ce mai irin wannan magana ba zai ba ta wahala a kan layi ɗaya ba.

Ya karɓi takardar da yatsu biyu masu baƙin mai, ya karanta, fuskarsa ta canja. Ya ja ta bayan rumfa, inda wani inji ke rataye da sarƙa, kayan cikinsa a baje kan buhu.

"Kin ga wannan? Mai shi 'yar ƙara ya ji, wani gwani ya ce a buɗe. Tun da aka buɗe shi, yau karo na huɗu ke nan ana sauke shi. Auta, shekara ashirin da biyu ina aikin nan. Injin da aka buɗe ba ya komawa yadda kamfani ya ɗaure shi. Ko wa ya ɗaure, sai ya riƙa yoyo. Mace ma haka take. Aka yanka ki yau, gobe ma sai an yanka, daga uku su ce an rufe. 'Ya'ya mata biyu gare ni, a ce tun yanzu an fara yi mini iyaka?"

"Ta ce babu hanya, Baban yara. Har zana mini ta yi."

"Su ai yanka ne sana'arsu. Ni ma in na ga dama, duk motar da ta shigo sai in ce a sauke inji. Je ki gida, zan yi shawara."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a aljihun gaba na rigar aikinsa. Biro na nan maƙale a bakin aljihun, shuɗi, wanda ya tattaune murfinsa.

In Bakanike ya ce shawara, Hajiya yake nufi. Mahaifiyarsa ce, kuma ɗakinta shi ne na farko in ka hawo benen da suke zaune, don haka ba mai shiga ba mai fita sai ta gani. Da yamma ta sa aka kira mata Auta. Tana zaune ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Na ji wai feɗe ki za a yi."

"Aiki ne, Hajiya. An ce mabiyiya ce ta tare hanya."

"Goma sha ɗaya na haifa, 'yar nan. Shi wannan mijin naki, ina tsakar wanki na durƙusa, na yanke cibi da hannuna, kafin la'asar na shanya kayan. Gidan nan ba a taɓa kwantar da mace an farke ta kamar akuya ba, kuma ba a kanki za a fara ba. Me zan ce wa dangi? In ce matar ɗana ta kasa? Son jiki ne ya yi muku yawa, ku 'yan zamani. In hanya ta toshe, aiki ke buɗe ta."

Hajiya na son wannan lissafi na goma sha ɗaya, ko mai tallan gawayi ta taɓa yi wa shi. Ba ta dai taɓa sa ƙanwarta a ciki ba, wadda ta kwana biyu tana zubar da jini a ɗaki har ta tafi da cikinta wata tara. In aka tuna mata, sai ta ce waccan kwananta ne ya ƙare.

Washegari aka fara maganin. Famfon gidan a ƙasa yake, a tsakar gida, kuma da can akwai mai ruwa da ke hawo musu da jarkoki. Hajiya ta sallame shi. Ta ce Auta ta riƙa ɗebowa da bokiti, safe da yamma, saboda hawa da sauka na saukar da yaro. Matakala ashirin da biyu ce. Auta ba ta taɓa ƙirga su ba sai a wannan watan. Takan tsaya a ta goma ta dafa bango, ta tsaya a ta goma sha shida, yaron na harbin haƙarƙarinta, Hajiya na leƙowa daga ƙofa tana cewa, "Yawwa, haka ake so."

Ɗaya sharaɗin da likita ta kafa, na kwanciyar aure, wanda ya shafi Bakanike shi kaɗai, shi ma bai kai ko'ina ba. Cewa ya yi likita ba ta da hurumi a ɗakinsa.

Rana ta tara, da hantsi, tana kan matakala ta goma sha huɗu ta ji ɗumi na bin cinyarta. Babu ciwo ko kaɗan. Ta duba ƙasa ta ga jini ja wur yana ɗiga kan siminti, yana gauraya da ruwan da ya zube daga bokitin. Ta zauna a wurin ta kira Hajiya. Tsohuwar ta fito, ta sunkuya ta duba, sai fuskarta ta washe.

"Ai ga shi nan. Ba na faɗa ba? Hanya ta fara buɗewa. Tashi ki wanke wurin kar yara su taka."

Da azahar Bakanike ya dawo da wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. Ya ce ya biya wurin abokinsa mai kemis, ya yi masa bayani, shi kuma ya ce ba komai ba ne, matarsa ma ta yi haka a cikin autansu. Mai kemis bai taɓa ganin Auta ba, bai san ko fara ce ko baƙa ba. Bakanike kuwa, in ka kira shi a waya ka ce motarka na wata ƙara, zai ce maka shi ba boka ba ne, ka kawo ta ya ji da kunnensa.

"Ta ce ko ɗigo na gani in taho, Baban yara."

"To ai ya tsaya. Ko bai tsaya ba?"

Ya tsaya ɗin, wannan karon. Bayan kwana huɗu jinin ya dawo, ya fi na farko. Auta ta yayyage wani tsohon zani ta yi tsummoki, ta riƙa wankewa tana shanyawa a bayan ƙofar banɗaki don kar 'ya'yanta su gani. Ɗakin ya fara ƙarni. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta miƙe da sauri sai ɗakin ya juya mata. Ranar awo ta zo ta wuce, Hajiya ta ce ba amfani a je a ƙaro tsoro. Lambar Bakanike ce a jikin katin, don haka shi nas ta kira. Auta na ji ya sassauta murya yana cewa, "Muna nan tafe, Sista. Ai shiri muke yi. Allah ya saka da alheri."

Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ta kira Inna, mahaifiyarta, da ke wani gari mai nisa. Ta faɗa mata komai tana kuka. Inna ta faɗa wa Baba, Baba ya kira surukinsa. Abin kallo ne yadda Bakanike ya amsa wayar. Ya miƙe tsaye, ya rusuna kamar tsohon na gabansa, har da cire hula.

"Insha Allahu, Baba. Ai lafiyarta ita ce gaba da komai. Kar ka sa damuwa a ranka, Baba. Ina kai."

Yana ajiye wayar ya juyo. "Ƙarata kika kai? Na rage ki da ci ne ko da sha?" Kwana uku bai amsa gaisuwarta ba. Da Auta ta sake kiran gida, Inna ta yi ƙasa da murya ta ce, "Babanki ya yi magana, mijinki ya amsa da ladabi. Me kuma kike so a yi, Auta? Ki dage da addu'a. Kar ki ja a ce mun sa baki a gidan aurenki."

Bakanike bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa barin gidan ba cefane ba. Kuɗin aikin ma bai gagare shi ba, ko sau ɗaya bai kawo zancensu ba. Shi ya sa ba wanda ya ga laifinsa. Maƙwabta na gaishe shi da girmamawa, shi kuma yana wuce jinin matarsa da ya bushe a tsagin matakala, ya je gareji yana yi wa mutane wa'azi a kan taya mai sulɓi. Abin ƙyama ne, ba shi da wani suna da ya wuce wannan.

Wata rana tana wanke rigar aikinsa ta ji takarda a aljihu. Ta ciro ta kafin ruwa ya taɓa ta. Duk ta yi baƙi da shatin yatsu, ninkin ya fara yagewa. A bayanta ya rubuta kayan da zai sayo a kasuwa: fulogi huɗu, bel, man birki. Ashe biron na aiki. Ta shimfiɗa ta a cinya ta lallaɓa ta da tafin hannu har ta miƙe, da yamma ta ajiye ta gefen farantin abincinsa tare da biron. Ya ci ya ƙoshi, ya ɗora kofin ruwa a kanta. Da ya gama ya sake ninke ta ya mayar aljihu.

"Zan sa. Ba gudu takardar za ta yi ba."

Ana saura kwana biyu ranar aikin, Auta ta zaunar da 'ya'yanta ta yi musu kitso ƙanana, irin wanda ke kai wata bai warware ba. Babbar shekararta bakwai, ƙaramar huɗu. Tana kitson tana nuna wa babbar inda ake ajiye sabulu, da inda rigunan makarantarsu suke, da yadda ake lallashin ƙanwarta in ta ƙi cin abinci. Yarinyar ta waiwayo ta ce, "Umma, tafiya za ki yi?" Auta ta juyar mata da kai ta ce ta zauna daidai.

Ranar Talata ta tashi ta tarar Bakanike ya riga ya fita. Wai babbar mota ce ta lalace a bayan gari, sai shi. Wayarsa a kashe. Auta ta yi wanka, ta haɗa jaka: zannuwa biyu, kayan jariri, katin awo. Ta ce ko ba sa hannunsa za ta je ta zube a gaban likita, abin da za a yi a yi. Tana fitowa ta tarar da Hajiya ta shimfiɗa darduma a kan matakala ta farko, ta miƙe ƙafafu daga bango zuwa bango.

"Ina zuwa?"

"Yau ce ranar, Hajiya."

"To tsallake ni ki wuce. Tsallake uwar mijinki, duniya ta gani. Amma ki sani, ya bar saƙo. Ƙafar da ta fita ba da izininsa ba, kar ta dawo. Yaran kuma nan gidan ubansu ne."

Auta ta waiwaya. Ƙaramar na tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe takalmin uwar ɗaya a hannu, tana jira a ce ta taho su tafi. Auta ta daɗe a tsaye, jakar na ƙara nauyi a kafaɗarta. Daga baya ta juya ta koma ɗaki, ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki har aka yi la'asar. Can asibiti an kira sunanta sau uku, aka kira ta gaba.

Da Bakanike ya dawo da yamma, wanka ya fara nema. Ya ce motar ta ba su wahala.

Ranar Asabar bayan azahar Hajiya ta shigo ɗakin da wata tsohuwa mai ƙunshi a hammata. Ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar rabin unguwar da Hajiya ta fito. An kawo ta ne ta gyara kwanciyar yaro, ta ƙarasa buɗe hanya. Auta ta ja baya har ta jingina da bango.

"Likita ta ce kar kowa ya sa mini hannu. Don Allah, Hajiya. Ta ce ko wace ce."

Bakanike na falo yana cin abinci, labule kawai ne tsakaninsu. Ta kira shi. Bai taso ba, daga inda yake ya amsa, bakinsa cike.

"Auta, Hajiya ce fa ta kawo ta. Dubawa kawai za ta yi. Ko mota ai sai an leƙa ƙarƙashinta ake sanin ciwonta."

Tsohuwar ta fi su hankali, a yi mata wannan adalcin. Ta ja fatar idon Auta ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta.

"Hajiya, yarinyar nan babu jini a jikinta."

"Duba dai. Abin da na kira ki ke nan."

Hajiya ce ta danne mata kafaɗu. Tsohuwar ta shafa mai a hannu, ta yi bismilla. Auta ta ji wani abu ya tsinke a can ciki, ba tare da zafi ba. Sai katifar ta jiƙe a lokaci ɗaya, tun daga ƙugu har gadon baya, kamar an kifar da bokitin ruwan ɗumi. Tsohuwar ta zare hannu ta dube shi, ja har gwiwar hannu.

"Inna lillahi. Wannan ba aikina ba ne. Ku ɗauke ta, ku ɗauke ta yanzu."

Motar Bakanike wata biyu ke nan tana kan duwatsu a gareji, bai samu sukunin dubawa ba. Ya fita da gudu ba takalmi yana buga ƙofar maƙwabta. Maza huɗu ne suka sauko da Auta cikin bargo, bargon na ɗiga a kan kowace matakala. Tana jin kukan 'ya'yanta daga sama, yana nisa yana nisa. A bayan motar wani maƙwabci ta dafa cikinta tana jiran harbin da ta saba ji. Ya motsa sau ɗaya, a hankali.

A asibiti fitilun rufi kawai take gani suna wucewa. Ta ji muryar nas, wadda Bakanike ya yi wa alƙawarin suna nan tafe.

"Ita ce ta ranar Talata. A kira likita. Malam, ina takardar?"

Rigar aikin ce a jikinsa. Ya laluba aljihu ya ciro ta. Nas ta riƙe ta da bakin yatsu kamar abin da aka tsinto a kwata, ta shimfiɗa a gefen gadon da ake tura Auta, dab da fuskarta. Auta ta ga hannunsa ya zaro biron nan mai tattaunannen murfi. Ya sa hannu. Bai ɗauki tsawon numfashi biyu ba.

"Ina masu ba da jini?"

Bakanike ya mayar da biron aljihu.

"Sati uku da kwana huɗu," in ji nas. Ba ta ƙara ba, ta tura gadon.

Auta ta farka washegari da rana ta ga Inna zaune a gefenta, idanunta sun kumbura. Ledar jini na rataye a sama, roba na shiga hannunta. Ta kai ɗaya hannun cikinta ta ji ya faɗa, an naɗe shi da bandeji. Ta saurara. Gadon dama jariri na kuka, gadon hagu ma haka. A gefen nata babu komai sai kujerar Inna.

Likita ce ta faɗa mata, a tsaye, Bakanike na bayanta ya sunkuyar da kai. Namiji ne. Kafin a ciro shi ya riga ya tafi, saboda jinin da ya zube har da nasa rabon. Mahaifar kuma ta ƙi daina zubar da jini, an yi duk abin da za a yi, dole aka cire ta don a ceci ranta. Ba za ta sake haihuwa ba.

"Lafiyayyen yaro ne," in ji likita, ta juya ta dubi Bakanike. "Da ranar Talata ce, aikin bai kai awa ɗaya ba. Da yanzu yana jikinta yana tsotso, mahaifarta kuma na nan."

An binne shi tun da safe. Auta ba ta ga fuskarsa ba. Inna ta ce yana da gashi.

A rana ta uku Hajiya ta zo dubiya da filas ɗin shayi. Ba ta zauna ba sai da ta gaisa da masu jinyar gadon dama da na hagu, ta kuma ba su labari da muryar da duk ɗakin zai ji.

"Kun gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Yarinya ta haifi biyu da kanta lafiya lau. Suna ɗora mata wuƙa, ga ɗa ya tafi, ga mahaifa sun cire. Ni dama na faɗa, ba a saurare ni ba."

Inna na jin ta, ta dai ƙura wa ƙasa ido. Ita ma tana da nata kason a ciki, kuma ta sani. Bakanike ya matso bakin gadon, ya gyara wa Auta bargo a ƙafa.

"Ki yi haƙuri, Auta. Ƙaddara ce. Kwanansa ne ya ƙare, babu wanda ya isa ya ƙara masa."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya matsa jikin taga. Tun daga gaisuwa Auta ta gane mai mota ne, don muryarsa ta koma irin ta gareji, mai ƙarfi, ta mutumin da ya san aikinsa.

"A'a, kar ka kuskura ka tayar da ita. Tun yaushe na ce ka kawo ta? Tun wancan satin na nuna maka, da idonka ka gani. Kar ka ce mini ƙaddara, malam, wannan sakaci ne. Da ka kashe 'ya'yan mutane fa? Abin da aka gano tun da wuri, ba a jira sai ya kashe mutum."

Ya kashe wayar yana girgiza kai, ya dawo. "Mutane ba sa jin magana," ya ce wa Inna.

Tun safe ƙirjin Auta ke ciwo, ya cika ya yi tauri. Yanzu ruwan nono ya fara tsattsafowa ta gaban rigar asibitin, wuri biyu, yana faɗaɗa. Ta dube shi, ta ɗago ta dubi mijinta. Muryarta ba ta fita sosai, amma ɗakin ya yi tsit har na gadon ƙarshe ta ji.

"Baban yara, ni ma ranar Talata aka ce ka kawo ni."

Ya buɗe baki, ya waiwaya ya dubi Hajiya. Hajiya ta duƙufa tana murɗa murfin filas. Inna ta jawo jakar nan da Auta ta haɗa ranar Talata, wadda aka biyo ta da ita daga gida, tana neman abin da za ta tare nonon da shi. Babu tsumma a ciki. Ta ciro 'yar rigar jariri, ta ninke ta biyu, ta sa mata a ƙirji.